Yadda Matashi Zai Fara Tuƙa Jirgin Ruwa Mai Tafiya Da Iska

Tambayar farko da ya kamata matashi ya iya amsawa idan ya tsaya a bakin ruwa, tun kafin ya taɓa igiya ko ya sa ƙafa a cikin jirgi, ita ce daga ina iska take kaɗowa. Mafi yawan masu koyo sukan ɗaga kai su dubi gajimare, alhali amsar tana kan fuskarsu. Ka juya kanka sannu a hankali har ka ji iskar tana bugun kunnuwanka biyu daidai wa daida; inda hancinka ya fuskanta a lokacin, daga nan take fitowa. Sannan ka tabbatar da abin da ka ji ta hanyar duban tuta, ko hayaƙi, ko ƙananan raƙuman da ke gudu a fuskar ruwa. Matuƙa suna kiran iska da sunan inda ta fito ne, ba inda ta nufa ba, don haka iskar arewa ita ce wadda ta taso daga arewa tana tafiya kudu. Wannan tambaya za ta riƙa dawowa a kowane sashe na aikin: wajen jan ƙyalle, wajen juya jirgi, wajen sanin wanda zai kauce wa wani, har ma wajen komawa gaɓa.

Sassan jirgi da abin da kowanne yake yi

Ƙaramin jirgin koyo ba shi da sassa masu yawa. Akwai gangar jiki, wadda gabanta shi ne goshi. A tsakiya akwai doguwar sanda a tsaye, wadda za mu kira jigo, kuma a jikinta ake ɗaga babban ƙyallen da ke kama iska. Gefen ƙasa na ƙyallen yana ɗaure da wata sanda a kwance, wadda take lilo daga hagu zuwa dama, kuma igiyar da ke jan wannan sanda ita ce take hannun matuƙi koyaushe. A bayan jirgin akwai allon tuƙi wanda ke cikin ruwa, da sandar tuƙi da ake riƙewa a juya shi. Sai kuma allon ƙasa, wanda ake zura shi ta wata kafa a tsakiyar jirgi ya nutsa cikin ruwa. Wasu jiragen suna da ƙaramin ƙyalle na biyu a gaban jigo.

Jirgin da yara suka fi koyo da shi a ƙasashe da dama shi ne wanda ake kira Optimist, wanda Clark Mills ya tsara a garin Clearwater na jihar Florida a Amurka a shekarar 1947. Tsawonsa kimanin mita 2.3 ne, ƙyallensa ɗaya, kuma ana gasa da shi har zuwa shekara 15. Ƙanƙantarsa ce amfaninsa, domin duk kuskuren da yaro ya yi yakan ji sakamakonsa nan take a jikinsa, kuma idan jirgin ya kife zai iya tayar da shi da kansa.

Hagu da dama a jirgi ba sa canzawa da inda mutum ya juya. Ana ƙidaya su ne kamar mutum yana tsaye yana fuskantar goshi, saboda haka gefen hagu na jirgi yana nan a matsayin hagu ko da kai ka juya kana kallon baya.

Yadda iska take tura jirgi

Idan iska tana bayanka, abin a fili yake: tana cika ƙyalle ta tura jirgi gaba. Abin da yake ba sabon ɗalibi mamaki shi ne yadda jirgi ke iya tafiya a karkace zuwa wajen da iskar take fitowa. Dalili shi ne ƙyallen da aka ja daidai yana lanƙwasa kamar fiffiken tsuntsu, iska tana bin ɓangarorinsa biyu, ya karkatar da ita, sai a sami ƙarfin da yake jan jirgin gaba da kuma gefe a lokaci guda. Allon ƙasa shi ne yake hana jirgin zamewa gefe, domin ruwa yana tokare shi, sai abin da ya rage na ƙarfin ya zama tafiya gaba. Wanda ya manta bai saukar da allon ƙasa ba zai ga goshin jirginsa yana kallon wuri ɗaya, shi kuwa jirgin yana ja da gefe kamar ƙaguwa zuwa wani wurin dabam.

Duk da haka babu jirgin ƙyalle da zai shiga idon iska kai tsaye. Akwai wani yanki na kimanin digiri 45 a kowane gefe na inda iska take fitowa wanda idan goshi ya shige shi ƙyalle zai fara kaɗawa kamar tuta, jirgi kuma ya tsaya. A bakin wannan yanki ake yin tafiya mafi wuya, inda ake jan ƙyalle sosai zuwa tsakiyar jirgi, a saukar da allon ƙasa gaba ɗaya. Idan iska tana bugowa daga gefe daidai, wato digiri 90, sai a saki ƙyalle kimanin rabi, a ɗan ɗaga allon. Wannan ita ce tafiya mafi sauƙi, kuma da ita ya kamata a fara koyo, a yi ta kai da komo tsakanin alamomi biyu har hannu ya saba. Idan iska ta koma baya, sai a saki ƙyalle har kusan ƙarshe, a ɗaga yawancin allon, amma a kula kada ya yi tsawon da sandar kwance za ta buge shi idan ta yi lilo.

Ƙa'idar jan ƙyalle ɗaya ce a kowace irin tafiya. Ka sassauta igiya har gefen ƙyallen da ke kusa da jigo ya fara rawa, sannan ka ja kaɗan har rawar ta tsaya. Kuskuren da masu koyo suka fi yi shi ne ja fiye da kima, domin ƙyallen da aka ɗaure tam yana da kyan gani kuma ba ya ƙara, amma yana karkatar da jirgi ne kawai ba tare da ya ƙara masa gudu ba. Haka nan iskar da kake ji a fuskarka bayan jirgi ya fara tafiya ba ita ce ainihin iskar ba. Ta haɗu da wadda gudun jirgin ya haifar, don haka takan zama kamar ta ƙara matsowa gaba. Da ita ake daidaita ƙyalle, shi ya sa gyaran ba ya ƙarewa.

Matuƙi yana zama a gefen da iska take bugowa, yana fuskantar ƙyalle, hannu ɗaya a sandar tuƙi, ɗayan a igiya. Nauyin jikinsa shi ne yake hana jirgi karkata, kuma idan iska ta ƙara ƙarfi sai ya saƙala ƙafafunsa a maɗaurin da ke ƙasa ya miƙa jikinsa waje. Sandar tuƙi tana aiki ne a juye: idan ka tura ta hagu, goshi ya nufi dama. Wannan yakan rikita mutum a ranar farko, daga baya kuma ya daina tunaninsa. Allon tuƙi ba ya aiki sai ruwa yana gudana a jikinsa, saboda haka jirgin da ya tsaya cik ba ya juyuwa komai ƙoƙarinka. Kada kuma ka taɓa naɗe igiyar ƙyalle a hannunka ko ka ɗaure ta a ƙaramin jirgi, domin ita ce birkinka. Idan iska ta zo da ƙarfi ba zato, sakin ta shi ne yake miƙar da jirgin.

Juyi iri biyu

Tun da ba a shiga idon iska kai tsaye, wanda yake so ya isa wurin da ke can sai ya yi tafiyar karkace, ya nufi dama na ɗan lokaci, ya juyo ya nufi hagu. Kowane juyi yana nufin goshin jirgi ya ratsa ta cikin idon iska. Kafin ka fara, ka tabbata jirgin yana da gudu, ka waiwaya ka ga babu kowa a inda za ka shiga, ka kuma faɗa wa abokin tafiyarka da babbar murya. Sai ka tura sandar tuƙi nesa da kai, wato wajen ƙyalle, ka sunkuya sandar kwance ta wuce ta saman kanka, ka ƙetara zuwa ɗaya gefen kana fuskantar gaba, ka musanya hannuwa a bayanka, sannan ka miƙar da sandar tuƙi da zarar ƙyalle ya cika. Idan ka yi sanyin jiki a tsakiyar juyin, jirgin zai maƙale goshinsa a idon iska. Maganin wannan shi ne ka tura sandar kwance da sandar tuƙi duka nesa da kai, jirgin ya ɗan ja da baya goshinsa ya karkata, sannan ka jawo su duka biyu ka ci gaba.

Juyi na biyu shi ne wanda bayan jirgi yake ratsa iska, lokacin da take bugowa daga baya. Wannan ya fi haɗari, domin ƙyalle ba ya rasa iska ko kaɗan, kuma sandar kwance takan ƙetaro daga wannan gefe zuwa wancan da ƙarfi a cikin ƙiftawar ido. Yawancin raunin kai da kifewar masu koyo a nan suke faruwa. Ka jawo igiya kaɗan tukuna don rage nisan da sandar za ta yi lilo, ka jawo sandar tuƙi wajenka a hankali, ka sunkuya, ka ƙetara, ka miƙar da tuƙi nan da nan kada jirgin ya ci gaba da juyawa. Idan iska ta yi yawa, babu abin kunya a ƙin wannan juyi. Ka zagaya ta doguwar hanya ka yi irin na farko.

Abin da ake yankewa a gaɓa

Mafi yawan shawarwarin da suke ceton rai ana yanke su ne ƙafa tana kan ƙasa. Ana auna gudun iska da na jirgi da ma'aunin da ake kira not, wato mil ɗaya na teku a awa guda, daidai da kilomita 1.852. Akwai kuma ma'aunin da Francis Beaufort, wani jami'in sojan ruwan Birtaniya, ya tsara a shekarar 1805, wanda ya kasa ƙarfin iska daga 0 zuwa 12 bisa abin da ido yake gani. A mataki na 3, wato not 7 zuwa 10, kan raƙuman ruwa ya fara fashewa jefi-jefi, kuma wannan ita ce iyakar da ta dace da sabon ɗalibi. A mataki na 4, not 11 zuwa 16, farin kumfa ya yawaita, sai wanda hannunsa ya faɗa. Daga mataki na 5, not 17 zuwa 21, ya kamata mai koyo ya zauna a gaɓa ya kalli gwanaye. Bambancin lambobin yana da kamar ƙanƙane a takarda, amma ƙarfin da iska take yi a kan ƙyalle yana ninkuwa huɗu ne idan gudunta ya ninka biyu.

Iskar da ta fi yaudara ita ce wadda take tasowa daga tudu tana shiga cikin ruwa. A bakin gaɓa ruwan yana kwance lumui saboda itatuwa da gine-gine sun tare ta, fita kuma tana da daɗi domin iskar tana bayanka. Sai ka yi nisa za ka tarar da ainihin ƙarfinta, kuma dawowa yana nufin tafiyar karkace a kan raƙuman da suka girma, a lokacin da ka riga ka gaji. A ganina wannan shi ne abu ɗaya da ya fi cancanta a nanata wa matashi: idan za ka fita, ka fara nufar wajen da iska take fitowa, domin dawowarka ta zo da sauƙi.

Ka saurari hasashen yanayi, amma ka ci gaba da duban sama. Hadari mai tsawo da baƙin gindi yana zuwa da iska mai ƙarfi a gabansa, kuma jigo shi ne abu mafi tsawo a kan ruwa idan ana tsawa. Sauti yana tafiyar kimanin kilomita ɗaya a daƙiƙa 3, don haka idan ka ƙirga daƙiƙa 15 tsakanin walƙiya da ƙarar aradu, hadarin yana nisan kilomita 5 ne kawai, kuma tuni ya kamata a ce ka nufi gaɓa. Kafin ka tashi ka gaya wa wani babba inda za ka, da wa za ka, da lokacin da za ka dawo. Ka duba cewa an toshe kafar fitar ruwa, akwatunan iska da ke hana jirgi nutsewa ba su huje ba, allon tuƙi ya kama da kyau, sannan akwai abin kwashe ruwa ɗaure da igiya, da filafili, da usur, da ruwan sha.

Rigar kariya ana sa ta ne tun a gaɓa, a ɗaure ta daidai jiki, ta yadda idan aka kama kafaɗunta aka ɗaga ba za ta haura kunne ba. Gwanin ninƙaya ma yana buƙatarta, domin wanda sandar kwance ta buga a kai ba ya iya iyo. Ruwan sanyi kuma yana da nasa sharrin: yana zuƙe zafin jiki da sauri kusan ninki 25 fiye da iska, kuma wanda ya faɗa ruwan da bai kai digiri 15 na ma'aunin Salshiyas ba yakan ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba a minti na farko. Abin yi a wannan minti shi ne ka kwanta rigingine, ka bar rigar ta ɗauke ka, ka jira numfashinka ya daidaita kafin ka yi wani yunƙuri.

Idan jirgi ya kife

Kifewa ɓangare ne na koyo, kuma ya fi kyau a gwada ta da gangan a ranar da ruwa yake kwance, malami yana kusa da jirgin ceto. Da zarar ka sami kanka a ruwa, ka fara tabbatar da abokin tafiyarka ya fito kuma babu igiyar da ta naɗe wani. Kada ka rabu da jirgin. Gaɓa kullum tana da kamar ta fi kusa fiye da yadda take, kan mutum a cikin raƙuman ruwa yana da wuyar hangowa, jirgin da ya kife kuwa ana ganinsa daga nesa, iska kuma tana iya tura shi da saurin da ba za ka kamo shi da iyo ba. Ka riƙe igiya ka zagaya ta baya zuwa allon ƙasa, ka tabbata igiyar ƙyalle a sake take, sannan ka kama bakin allon ka ɗora nauyinka a kai har jirgin ya miƙe a hankali. Ka shiga ta gefen da iska take bugowa ko ta baya, ka kwashe ruwa kafin ka ja ƙyalle.

Idan mutum ne ya faɗa daga jirgin da bai kife ba, a yi ihu kowa ya sani, a jefa masa abin da ke yawo a kan ruwa, sannan mutum ɗaya ya nuna shi da hannu kada ya ɗauke ido ko na daƙiƙa guda. Ana komawa wurinsa ne a karkace zuwa wajen iska, domin a haka ne sakin ƙyalle zai iya tsayar da jirgi a gefensa. A jirgi mai inji kuwa, igiyar kashe inji dole ta kasance ɗaure a ƙafar matuƙi, kuma a kashe injin kafin a matso kusa da wanda ke cikin ruwa.

Ƙulli kaɗan, amma a iya su ido rufe

Ƙulli mai kyau shi ne wanda yake riƙewa idan an ja, yake kuma kwantuwa idan an so. Mai siffar lamba 8 ana yin sa a ƙarshen igiya don kada ta zare daga ramin da ta bi. Wanda ake kira bolin yana ba da baki wanda ba ya zargewa: ka yi ƙaramar da'ira a jikin igiyar, ka fito da bakin ta cikinta daga ƙasa, ka zagaya da shi bayan doguwar igiyar, ka mayar da shi cikin da'irar, ka ja. Komai nauyin da ya ɗauka yana kwantuwa daga baya, sai dai ba ya kwantuwa yayin da nauyin yake kansa. Saboda haka wajen ɗaure jirgi a turke ko zobe an fi son a zagaya igiya sau biyu sannan a yi rabin ƙulli biyu a jikinta, domin wannan ana iya kwance shi ko jirgin yana ja. Ka koye su a gida da guntuwar igiya har ka iya yin su a bayanka, domin ranar da za ka buƙace su hannunka zai kasance a jiƙe, jirgi kuma yana rawa.

Wa zai kauce wa wa

Hanyar ruwa tana da dokokinta, waɗanda Hukumar Kula da Sufurin Ruwa ta Duniya ta amince da su a 1972, suka fara aiki a 1977, kuma sun hau kan ƙaramin jirgi kamar yadda suka hau kan babba. Ta farko a aikace ita ce a riƙa dubawa ko'ina da ido da kunne a kowane lokaci, har da leƙawa ta ƙarƙashin ƙyalle, wanda yake rufe wa matuƙi rabin gabansa. Idan jiragen ƙyalle biyu suka nufo juna, wanda iska take bugunsa ta hagu shi zai kauce wa wanda take bugunsa ta dama. Idan ta gefe ɗaya take bugunsu duka, wanda ya fi kusa da inda iska take fitowa shi zai kauce. Wanda ya taho daga baya zai wuce wani, kowane iri ne shi, nauyin kaucewa yana kansa. Jiragen inji biyu da suka yi gaba da gaba kowanne yana karkata dama.

An saba cewa jirgin inji ne yake kauce wa na ƙyalle, kuma haka ne a buɗaɗɗen ruwa, amma masu koyo sukan riƙe rabin maganar su bar rabi. Jirgin ƙyalle dole ya kauce wa wanda yake kamun kifi da taru da wanda aikinsa ya hana shi juyawa, kuma a ƙunƙuntar hanya an hana shi, shi da duk jirgin da bai kai mita 20 ba, tare gaban babban jirgin da ba zai iya fita daga zurfin hanyar ba. Babban jirgin da ke gudun not 15 yana cinye mil ɗaya na teku a minti 4, ba ya tsayuwa da wuri, kuma mai yiwuwa matuƙinsa ba ya ganinka sam. Hanya mai sauƙi ta gane haɗari ita ce ka daidaita jirgin da ke tahowa da wani abu a jikin naka; idan yana ƙara girma amma bai gusa gaba ko baya daga wannan abin ba, to karo za ku yi. Idan kai ne mai kaucewa, ka kauce da wuri kuma a fili yadda ɗayan zai gane, ka bi ta bayansa. Idan ka ji gajerun busa biyar ko fiye a jere, ana gaya maka ba a gane nufinka ba ne.

Da dare fitilu ne suke magana: ja a hagu, kore a dama, fari a baya. Wanda ya ga ja da kore tare ya san jirgi yana nufo shi kai tsaye. Alamomin da ke yawo a bakin hanyar shiga tasha su ma ja da kore ne, amma tsarinsu biyu ne a duniya. A Turai da Afirka da Ostareliya da yawancin Asiya, mai shigowa daga teku yana barin ja a hagunsa. A nahiyoyin Amurka da Japan da Koriya ta Kudu da Filifin yana barin ja a damansa.

Cikar teku, anka da neman taimako

Wanda yake tuƙi a tafki ba ruwansa da wannan, amma a bakin teku ruwa yana cika yana janyewa, a yawancin wurare sau biyu a cikin kimanin awa 24 da minti 50, kuma bambancin ya fi girma a lokacin tsayuwar wata da cikarsa. Ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. Idan aka kasa dukan hawan kashi 12, a awa ta farko yakan hau kashi 1, ta biyu 2, ta uku 3, ta huɗu 3, ta biyar 2, ta shida 1. Wato a wurin da bambancin ya kai mita 6, mita 3 cif suna shigowa ne a awa biyun tsakiya, kuma a lokacin ne ruwa ya fi gudu a mashigai. Idan gudun ruwa ya yi gaba da gaba da iska, raƙuman sukan miƙe su yi tsini ko da iskar ba ta da yawa.

Anka, wato ƙarfen da ake nutsarwa ƙasan ruwa don ya riƙe jirgi wuri ɗaya, tana riƙewa ne idan jan da ake yi mata a kwance yake, shi ya sa tsawon igiya ya fi nauyin ankar muhimmanci. Ana sakin sarƙa ninki 4 na zurfin ruwa, igiya kuwa ninki 6 ko fiye, kuma da zurfin da ruwa zai kai idan ya cika ake lissafi: a zurfin mita 3 kana buƙatar igiya mita 18. Ka tsayar da jirgi goshinsa a idon iska, ka saukar da ankar daga goshi a hankali maimakon jefawa, ka riƙa saki yayin da jirgin yake ja da baya, bayan ka tabbata ɗaya ƙarshen igiyar yana ɗaure a jirgi. Daga nan ka daidaita abubuwa biyu a gaɓa, ɗaya a bayan ɗaya. Idan suka rabu, ankar tana jan ƙasa.

Idan rai yana cikin haɗari, tasha ta 16 a rediyon oba-oba na jiragen ruwa ita ce ta kiran gaggawa a duk duniya. Ana faɗin kalmar Mayday sau uku, sannan sunan jirgi, da inda yake, da abin da ya faru, da yawan mutanen da ke ciki, kuma ba a wasa da wannan kira. Wanda ba shi da rediyo sai ya miƙa hannuwansa biyu gefe yana ɗaga su yana saukewa a hankali, domin wannan alama ce da dokokin suka amince da ita, kuma ta bambanta da ɗaga hannu na gaisuwa.

Komawa gaɓa

Jirgin ƙyalle ba shi da wata hanyar tsayawa sai ta zubar da iskar da ke cikin ƙyallensa, don haka kafin ka matso ka sake tambayar kanka daga ina take kaɗowa, domin mai yiwuwa ta sauya tun fitarka. Idan daga tudu take zuwa, ka matso a karkace, ka riƙa sassauta igiya jirgin yana rage gudu, kana ɗaga allon ƙasa kaɗan-kaɗan yayin da zurfi yake raguwa. Idan kuwa tana tura ka zuwa gaɓar ne, sakin igiya ba zai tsayar da kai ba. Sai ka juya goshi ya fuskanci iska tun kana da sauran tazara, ka saukar da ƙyalle ko ka kwance igiyarsa gaba ɗaya, ka ƙarasa da filafili. A matsayar jirage ka zaɓi gefen da iska za ta riƙa ture ka daga jikinta, ka zo a hankali, kuma kada ka sa hannu ko ƙafa tsakanin jirgi da katako don tare karo. Ka ɗaga allon tuƙi kafin ya taɓa ƙasa, ka sauka ta gefen da raƙuman ruwa suke bugowa don kada su turo jirgin a kanka, ka riƙe shi ta goshi. Bayan an fitar da shi, a wanke gishiri da ruwan daɗi, a bar ƙyalle ya bushe kafin a naɗe, a buɗe kafar fitar ruwa, sannan ka sanar da wanda ka gaya wa lokacin dawowarka cewa ka iso.